Gudu Biyu Ne, Ranka Ya Daɗe

Ko sallama Sadiya ba ta yi ba ta faɗo ɗakina tana kuka. Ɗiyar maƙwabcina ce a Sabon Gari, Malam Hamidu mai hatsi. Ni kuwa Inna Kulu, ba a yin abu a layinmu bai biyo ta kunnena ba.

"Inna, Baba ya ce a mayar wa Yazid da kayan sa rana..."

Na san dalili, don a gabana aka yi. Yazid direba ne, yau ya yi lodin Tsafe, gobe Bungudu. Saura wata ɗaya aurensu ya kwashe mu zuwa suna, ina gidan gaba. Wajen Nahuce wani dattijo ya ɓullo a keke daga bayan tirelar da ke tsaye. Yazid ya danna hon, hon shiru. Ya taka birki, amma an riga an haɗu. Ashe Arzika ne, ƙanen Malam Hamidu ciki ɗaya. Nan take Allah ya karɓi abinsa.

Malam Hamidu ya ce ya yarda da ƙaddara, amma takardar 'yan sanda ta ce gudu yaron yake zubawa, wai ma ni na shaida. Ba zai ba da ɗiyarsa ga mai wasa da rayukan mutane ba.

Sadiya ta ce mani ranta na wurin Yazid, amma baffan nan shi ya yi mata huɗuba. In har ganganci ne, ita da kanta ta haƙura. Na ce ta wanke fuska, ta jawo ubanta kotu ranar Litinin da za a yi shari'ar Yazid.

Da aka karanto shaidata, na miƙe tun ba a kira ni ba.

"Ranka ya daɗe, gudu biyu ne. Cewa na yi ya gudu, ban ce yana gudu ba."

Alƙali ya sauke tabarau ya ce in yi bayani. Na ce da abin ya faru samari sun kwaso duwatsu da sanduna, ni na ja rigar Yazid na ce ya tayar da mota sai ofishin 'yan sanda, yadda direbobi ke yi. Can ya miƙa kansa yana kuka. Mai rubutu ne ya juya maganata Turanci, ga ni da sauri, ga giɓi, sai gudun tsira ya koma gudun hanya.

Batun sauri kuwa, na ce tun daga Gusau nake zaginsa kan tafiyar hawainiya. Har wani mai babur ɗauke da akuya ya wuce mu, akuyar tana kallona. Kotu ta kwashe da dariya. Ma'aikacin da ya auna sawun taya ya ce maganata ta yi daidai da awonsa.

Na zauna ina jin kaina, sai Yazid ya ɗaga hannu. Lauyansa na harararsa, bai kula ba.

"Hon ɗina kwana uku da lalacewa. Kullum cewa nake gobe zan gyara. Wannan laifina ne, ba zan ɓoye shi gaban iyalansa ba."

Alƙali ya ce ba tuƙin ganganci ba ne, amma akwai sakaci. Ya karɓe lasisinsa wata shida, zaman da ya yi a tsare kuma ya isa hukunci.

A bakin kotu Malam Hamidu ya tsaya yana kallon yaron, duk ya rame, leɓe a bushe. Ya tambaye shi ko ciwo yake. Yazid ya sunkuya ya ce azumin kaffara ne na kisan kuskure, sittin a jere, tun yana tsare ya fara, yau na goma sha tara.

Malam Hamidu ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya ce ya yafe, zai kuma roƙi iyalan Arzika su yafe. Ya juyo ga ɗiyarsa.

"Daga yau ke za ki riƙa dafa masa abin buɗa baki. Ranar da ya cika sittin, washegari a ɗaura."

Sadiya ta rufe fuska da gyale, amma na ji abin da ta raɗa, don kunnena bai tsufa ba: "Saura arba'in da ɗaya, masoyina... kada ka kuskura ka sha ko ɗaya."

Bai sha ba. Ni na rangaɗa guɗar farko!