Saƙon Da Aka Hana Buɗewa

Kwana goma sha ɗaya ke nan da kai Safara'u ɗakinta a Takur, cikin Dutse, amma wanda ya leƙa falonta ranar nan sai ya ɗauka ofis ya shiga. Ta baje takardu a kan kafet: fotokwafin fasfo, katin allurar rigakafi, takardar otal, da wani ɗan littafi mai baƙin bango. A cikinsa ta rubuta komai, tun daga lambar ofishin jakadancin Najeriya a Alƙahira har sunan maganin olsar mijinta. Jibi za su tashi zuwa Masar su yi kwana goma, tafiyar da ƙawayenta ke kira hanimun.

Zuhair, angon, ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya. "Amarya, wai hanimun za mu ko yaƙi?"

Ba ta ko ɗago ba. Safara'u a kantin magani take aiki, kuma irin mutanen nan ce da ko gishiri za su saya sai sun juya ledar sun duba. Ta karanto masa sharuɗɗanta: ba rabuwa a kasuwa, kowa ya riƙe kwafin fasfon ɗan'uwansa, sannan ba za su ɗauki komai ba sai abin da suka zuba a jaka da hannunsu. Ya sara mata kamar soja, ya ce ya ji ya bi. Da gaske yake lokacin, don son da yake mata ba na wasa ba ne.

Washegari suka tafi Ringim yin sallama. Can mahaifiyarsa Hajiya Gaji take, a gidan Baffa Falalu, ƙanen mahaifinsa. Baffa malami ne mai makaranta, kuma shi ya riƙe Zuhair tun yana ɗan shekara shida da maraici ya same shi. Zuhair bai taɓa ce wa wannan dattijo a'a ba, ko a mafarki.

Suna zaune a tsakar gida sai ga Ɗan'inna, ɗan kasuwa, mijin Huseina 'yar Baffa. Ya shigo rungume da wani ƙulli, an ɗinke shi cikin buhu an naɗe da salatif. Ya ce kuka ce da daddawa da yaji, za a kai wa wata ƙanwarsa da ke karatu a Alƙahira. Bai miƙa wa Zuhair ba. Gaban Baffa ya durƙusa ya ajiye, Baffa kuma ya ɗauka da hannunsa ya ba ɗansa. Ɗan'inna ya san abin da yake yi, mugun.

Safara'u ta dubi ƙullin. Ta zunguri mijinta, ya yi kamar bai ji ba. Sai ta sunkuyar da kai ta yi magana a hankali.

"Baffa, a gafarce ni. Da an buɗe mun ga abin da ke ciki, sai a sake ɗinkewa. A filin jirgi tambaya ake yi."

Baffa ya dube ta, ya dubi Zuhair, ya ce, "Saƙo amana ne. A gidan nan ba a buɗe amanar mutum."

Hajiya Gaji kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta ce kwana goma sha biyu kacal, har yarinya ta fara zargin dangin miji, to nan da shekara sai ta caje musu aljihu. Matan gidan suka yi ta kallon amarya ana taɓe baki. Da aka zo ɗaukar hoton sallama, Ɗan'inna ya ce ana jiransa a shago, ya sulale.

A hanyar komawa Dutse ta yi ta roƙonsa da hawaye. Ta ce ga reza a gida, ita za ta farke ta mayar da ɗinkin yadda yake, ba wanda zai sani. Ya ce shi zai sani. Hannun da ya ba shi ƙullin nan shi ya ciyar da shi, in ya farke, ya ce wa Baffa maƙaryaci ke nan. Wannan ce rigimarsu ta farko. Ya cusa ƙullin a jakarsa ya ja zif. Ita kuma ta buɗe ɗan littafinta ta rubuta ranar, da wanda ya kawo, da wanda ya miƙa.

A Kano suka wuce lafiya, har Zuhair ya ɗan tsokane ta a cikin jirgi. A Alƙahira ne jami'ai suka ware jakarsa gefe. Wani ya sa wuƙa ya keta buhun, garin kuka ya zube a kan tebur, daga ƙarƙashinsa sai ga ƙwayoyi masu sa maye, leda a kan leda. Safara'u ta gane su tun kafin a faɗa, don a kantinsu irinsu a kulle ake ajiyewa.

"Jakata ce," in ji Zuhair, yana maimaitawa ana sa masa ankwa. "Ita ba ruwanta. Ta hana ni."

Bayan yini guda ana yi mata tambayoyi aka sake ta. Ɗan littafin da aka yi wa dariya shi ya zame mata uwa da uba a garin da ba ta san kowa ba. Ta kira ofishin jakadanci, aka haɗa ta da lauya. Lambar ƙanwar Ɗan'inna kuwa ba ta taɓa shiga ba, don babu wata ƙanwa. Kwana tara ta yi tana zarya tsakanin otal da wurin da ake tsare da shi, sau ɗaya aka bar ta ta gan shi. Ta dawo ita kaɗai, kujerar kusa da ita babu kowa, lallen aurenta ma bai gama gogewa ba.

Lauya ya gaya mata gaskiya: in ba a kama mai kayan a Najeriya ba, aka kuma samu shaidar da ya ga an miƙa, Zuhair zai tsufa a kurkuku. Ta kai ƙara wurin hukuma a Dutse. Aka kira Ɗan'inna, ya yi rantsuwa bai san wani ƙulli ba. Matan gidan suka ce su suna kicin. Saura mutum ɗaya, Baffa Falalu, shi kuwa ya aiko cewa ba shi da lafiya.

Ba rashin son Zuhair ba ne. Baffa ya duba ya ga Huseina da 'ya'ya huɗu a gidan Ɗan'inna, ya kuma ga sunansa na malami zai shiga maganar ƙwaya a bakin mutanen Ringim. Sai ya zaɓi shiru, ya ce a dage da addu'a. Aka yi ta saukar Alƙur'ani, alhali mai maganar da za ta buɗe ƙofar yana zaune a gaban sahu. Dangi kuma suka juya kan Safara'u. Wai mugun bakinta ne ya ja, wai ta kai surukanta gaban hukuma tun ba ta san hanyar rijiyar gidan ba. Iyayenta a Jahun suka ce ta dawo gida. Wata gwaggonta ma ta kawo shawarar a je kotu a raba auren tun tana da ƙuruciyarta.

Ta ƙi. Da hawan jini ya kayar da Hajiya Gaji, ɓarin jikinta ya shanye, Safara'u ce ta bar aikinta ta tare a Ringim. Ita ke mata wanka, ita ke ba ta kunu a cokali, ita ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Tsohuwar takan kawar da kai in ta shigo. Safara'u takan shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. Tana jin haushin mijinta, tana kuma kewarsa kamar ranta zai fita. Haka aka yi wata bakwai.

Rannan lauya ya samo musu izinin waya na minti biyar. Safara'u ta daɗe tana jiran jin muryar nan, amma ba ta ɓoye a ɗaki ta ji ita kaɗai ba. Bayan la'asar ta yi sallama a zauren Baffa, ta durƙusa, ta ɗora wayar a kan buzunsa ta buɗe muryarta yadda zai ji.

Muryar Zuhair ta fito a dishe. Ya gaishe da Baffa, ya tambayi jikin Hajiya, sannan ya ce, "Baffa, kada ka damu. Na gaya musu kayan Ɗan'inna ne. Suka ce ta hannun wa ya ba ni, na yi shiru. Ban ambaci sunanka ba, kuma ba zan ambata ba."

Carbin da ke hannun Baffa ya tsaya.

"Lauya ya ce zai iya kai shekara ashirin," in ji Zuhair. "In hukunci ya fito zan aiko maka da takardar sakin Safara'u ka ba ta. Kada ta ƙare rayuwarta tana jirana. Ita ce mai gaskiya, ni ne ban ji ba."

"Ba zan karɓa ba," in ji Safara'u, kuka ya ci ƙarfinta. "Ko ka aiko ba zan karɓa ba."

Layin ya katse. Ta share ido ta dubi dattijon, abin da ba ta taɓa yi ba. "Baffa, kai ka ce ba a buɗe amana, bai buɗe ba. Shi ma amana ce mahaifinsa ya bar maka."

Hawaye ne kawai ke bin gemun Baffa. Da safe ya naɗa rawaninsa ya shiga motar Dutse, ya faɗi komai da bakinsa a gaban hukuma ya sa hannu. Aka binciki sito na Ɗan'inna, aka tarar da irin ƙwayoyin, da irin buhun, har da ragowar salatif, aka kama shi. Huseina ta dawo gidan ubanta da 'ya'yanta, kuma maganar da Baffa yake gudu sai da aka yi ta a kowace majalisa.

Takardu tsakanin ƙasa da ƙasa ba sa sauri. Sai da aka ƙara wata huɗu kafin a sako Zuhair, Hajiya Gaji kuwa ba ta iya jira ba. Ana saura kwana biyu ta rasu ta kamo hannun Safara'u da hannunta mai lafiya, ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini. Da na bar ki kin buɗe." Zuhair ya sauka a Kano bayan arba'in ɗinta, ya rame har matarsa sai da ta dube shi sau biyu. Daga filin jirgi maƙabarta ya fara zuwa.

Suka koma Takur. Jakar da ta je Masar tana saman sif har yau, ba wanda ya sake tayar da maganar hanimun. Amma Zuhair ba ya yanke komai sai ya ce, "Amarya, me littafi ya ce?" Allah kuma ya ba su 'ya mace, suka mayar da sunan Hajiya.

Girmama manya wajibi ne, amma kunya ba ta kare mutum a gaban jami'in da bai san Baffansa ba. Duk mai tafiya ya ɗauki abin da idonsa ya gani kawai, wanda kuma ya ba ka saƙo ya hana ka dubawa, ka bar masa kayansa ko wane ne shi. Gidan Baffa Falalu sun koyi wannan, amma sai da suka binne uwa ɗanta yana kurkuku.

Shekarar da Baffa zai tafi Umara, wani maƙwabci ya kawo masa ƙulli a ɗinke, a kai wa ɗansa a Madina. Baffa ya sa aka kira Safara'u, da ta zo yi masa sallama, daga cikin gida. A gaban mai saƙon ya zaro sabuwar reza daga aljihu, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Buɗe mu gani, 'yata," in ji shi.