Awa Ɗayar Baba Audi

Ni ce mai kula da babbar kwamfutar asibitinmu kusa da Hasahisa, kuma ban saba amsa kuskure ba. Da aka mayar da agogon Sudan baya da awa ɗaya, na manta ban gyara nata ba. Rajistar shiga ta nuna Baba Audi mai ba da magani ya makara ranar da wata mata ta rasu. Aka kore shi, na gane kuskurena ne, na yi shiru har ya mutu.

Ranar sadakar bakwai, bayan magariba, na kulle ƙofar ɗakin kwamfutar na gyara agogon. Ƙamshin shayinsa na kanumfari ya cika ɗakin. Sabon layi ya fito a rajistar: Audi ya shiga.

A bayana aka ce, "Ɗiyata, duba mini. Na makara?"