Za a Rubuta Daga Baya

An ɗaura auren Limbani Kachingwe da Tadala Nkhoma a Zomba ranar Asabar ɗin ƙarshen Agusta, bayan kawun amarya ya shafe wata huɗu yana cewa a'a. Abin da ya sauya masa ra'ayi littafi ne mai shafi ɗari biyu da sha biyu, wanda angon bai karanta ba kafin ya miƙa shi.

Limbani mai rubuta manhajar kwamfuta ne. Ya haɗa wata da ƙungiyoyin masu shanun madara ke auna abincin dabba da ita. A cikinta akwai bayanin taimako: ka buga alamar tambaya da sunan umarni, ta gaya maka aikinsa. Da Tadala, jami'ar kula da dabbobi a Thyolo, ta gwada, abin da ya fito shi ne: "Za a rubuta daga baya."

Ta hau motar haya har ofishinsa.

"Kai ne Za-a-rubuta?"

"Limbani dai."

"Jawo kujera. Yau za ka rubuta."

Ya rubuta. Da ya gane ita kaɗai ke karanta bayanin, sai ya fara ajiye mata saƙo a ƙarƙashin misalai: "Saniya mai kilo ɗari huɗu, dusa kilo uku. Mai Ƙorafi, kin ci abinci?"

Ita kuma ta amsa ta waya: "Na ci. Dusar ta yi kaɗan, gyara. Ina kewarka."

Maganar aure ta kai su gaban Kawu Chimwaza, yayan mahaifiyarta, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba kurakurai a maɗaba'a.

"Me kake yi, yaro?"

Limbani ya ciro waya.

"Wannan waya ce, ni ma ina da ita. Kawo mini aikinka a takarda, da bango, da lambar shafi. Kafin nan ba na ba da 'ya."

Limbani ya yi wata uku yana tsoron rubuta littafi. Sannan ya tuna akwai umarni guda da ke kwaso duk bayanin taimakon da ke cikin manhaja, ya jera shi shafi-shafi, har da jerin sunaye a ƙarshe. Minti huɗu aikin ya ɗauka. Ya kai aka buga, aka ɗinke, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Sai a motar komawa ya tuna da saƙonnin da ke ƙarƙashin misalan.

"Tada, komai yana ciki," ya rubuta mata.

"Komai?"

"Har saƙon ranar da kika ɗaura shuɗin zanen nan."

"Allah ya jiƙanka, Za-a-rubuta."

Bayan mako uku Kawu ya kira su. Littafin na kan tebur, jan biro a kansa.

"Sunan 'yata ya fito a shafuka har sittin da uku. Na karanta duka. Wasu ba su dace da littafin abincin shanu ba, amma jerin ya yi tsaf." Ya lashi yatsa ya buɗe. "Shafi na casa'in da ɗaya. 'Thoko nake fara dubawa duk lokacin da na je gida. Tana da sanyin hali, ba ta ƙorafi.' Wace ce Thoko?"

Tadala ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Saniyar mahaifiyata ce," in ji Limbani.

"Saniya," in ji Tadala. "Mai sanyin hali."

"Wallahi, Tada..."

"Saniya ce," in ji Kawu. "Na je garinku Bvumbwe na gan ta. Ban taɓa sa hannu a shafi ban ga asalinsa ba. Ta haure ni, saboda haka maganar sanyin hali na ja mata layi. Amma uwarka ta ce tun da ta bi awon da ke shafin nan, madara ta ƙaru da lita biyu. Aiki ne. Ka turo manyanka."

Ranar baiko, bisa al'adarsu, dangin ango suka ba da zakara, na amarya suka ba da kaza. A wajen biki Kawu ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da 'ya'ya masu karanta abu kafin su miƙa shi. Sannan ya mayar wa ango littafinsa a gaban jama'a, an lanƙwashe shafi na ɗari da arba'in da bakwai. A tsakiyarsa, ƙarƙashin sunan wani umarni, layi ɗaya ne, zagaye da jan biro: "Za a rubuta daga baya."

Kawu yana buga waya duk Litinin ya ji ko an rubuta. Har zuwa jiya, duk wanda ya tambayi manhajar wannan umarni, amsar da yake samu ke nan.