Wanda Ya Biyo Igiyar Kyamara

Rana ta kusa faɗuwa muka zura kyamara cikin teku a karo na ƙarshe kafin mu koma birninmu, Nuku'alofa. Mu uku ne a jirgin ruwan. Ni Kalolaine ina gaban allo, ina lura da abin da kyamara ke gani. Yayan mijina, Lisiate, shi ne mai jirgin, shi ke kula da injin naɗe igiya. Sai mai aikin, Mista Garrick, Baturen Ostareliya da ya yi shekaru yana farautar hoton ƙatuwar ngu, wata dabbar teku mai hannaye goma da ke zaune inda hasken rana ba ya kaiwa.

A wannan wurin na rasa mijina, Semisi. Ana zura kyamara igiya ta naɗe masa ƙafa, ta wuce da shi. Aka neme shi har duhu ya yi. Washegari Garrick ya riƙe hannuna ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, sannan ya juya ya tambayi Lisiate ko igiyar za ta gyaru kafin Litinin. Ba a ga gawa ba, rigarsa ta zuwa coci muka binne. Da na cire baƙaƙen kayan takaba na koma aiki, dangi suka yi ta magana. Ban kula su ba. Yara biyu gare ni, kuma ina so in riƙa leƙa ƙasan ruwan nan.

A yammacin nan teku kwance take, ko iska babu. Warin dizal ya haɗu da na ruɓaɓɓen kifin da muke ɗaura wa kyamara don ya jawo su. Garrick yana ta shafa igiya yana yi wa ruwa magana ƙasa-ƙasa. Lisiate ya leƙo ta taga ya ce da ni cikin yarenmu, "Kalo, wannan mutumin, da ngu tana da ɗiya da tuni ya tura mu neman aure."

Na yi dariya, na sa na'urar sauraro a kunne.

Allon ya tashi daga shuɗi ya koma baƙi. Ƙura tana zuba a gaban fitila kamar toka. Wani kifi mai haƙora kamar allura ya wuce, sannan wasu abubuwa masu kyalli da ake hango cikinsu. Ƙananan ngu suka zo suna kewaya kifin da muka ɗaura, jikinsu yana sauya launi. A kunnena ina jin ƙarar da na saba, tas-tas kamar ana suya a nesa.

Sai duk suka watse lokaci guda. Ƙarar ma ta ɗauke.

Wani abu ya ƙwanƙwasa jikin kyamara a hankali, irin ƙwanƙwasar wanda ba ya son ya tashi yara.

Wani dogon hannu ja ya gitta ta gaban fitila, yana ta wucewa bai ƙare ba. Garrick ya dafa kujerata. Ya raɗa cewa ita ce, yau dai ita ce.

Jan hannun ya janye. Sai tafin hannun mutum ya manne a gilashin.

Na hagu ne. Babu rabin ƙaramin yatsa. Ni na ɗaure wa Semisi wannan yatsa ranar da ƙugiya ta cire shi.

Sai fuskar ta matso. Bai ruɓe ba, bai kumbura ba. Gashinsa yana lilo a ruwa. Ya ƙanƙance ido yana leƙen fitilar kamar wanda ke waje yana neman wa ke cikin ɗaki. Leɓensa ya motsa, muryar ta zo cikin kunnena, siririya.

"Kalo. Akwai sanyi."

Na kira sunansa, na bugi allon da hannu. Igiyar nan tana kawo hoto da sauti sama, ba ta kai komai ƙasa. Ina ganinsa, shi ba ya ganina.

Garrick ma ya gani. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kada ki taɓa komai. Tana dai ɗauka, ko?"

Na kira Lisiate. Ya shigo ya tsaya gaban allon. Na ce, "Yaya, jawo shi." Ya fita ya kunna injin.

Kyamarar nan mutum biyu ke ɗaga ta. Amma injin ya riƙa gurnani kamar yana jan babbar mota. Igiya tana kuka. Bayan jirgin ya fara nutsawa, kofin shayin Garrick ya zame ya fashe.

Wani wari ya taso daga ruwan, mai hawa ka, kamar tsohon fitsari.

Baƙin allon ya fara komawa shuɗi. Semisi yana nan manne. Yanzu murmushi yake yi.

"Kalo," in ji shi. "Yaran nan..."

Ruwa ya shigo ta bayan jirgi, ya kai mini idon sawu. Ta taga na ga Lisiate ya leƙa ƙasa. Ya ja baya. Ya ciro gatari daga bango.

Na cire na'urar na fita da gudu, na rungume hannunsa.

"Yaya, ƙanenka ne."

"Sake ni, Kalo."

"Ya kusa. Don Allah, ya kusa."

Ya wurgar da ni, bakina ya bugi ƙarfe. Ya sari igiya. Ya ƙara. Ta tsinke, ta zabura cikin ruwa da ƙara kamar bulala. Jirgin ya yi tsalle ya dawo daidai.

Wani abu ya wuce ta ƙarƙashinmu yana gogar katako, ya daɗe yana wucewa.

Garrick ya zauna cikin ruwan da ke jirgi yana kuka. Kyamararsa yake wa kuka.

Hoton bai ɓata ba, don a cikin jirgi yake taruwa. Garrick ya yanke wurin jan hannun ya kai ƙasarsu, aka yi ta nuna shi ana tafa masa. Sauran ya ce hasken fitila ne ya ruɗe mu. Na roƙe shi ya bar mini ko da muryar, ya ce ya goge. Da shekara ta zagayo ya dawo da sabuwar kyamara, ya ɗauki mutanen wani tsibiri aikin.

Ni doya nake sayarwa a kasuwa yanzu. Lisiate ya sayar da jirgin, ko kamun kifi ba ya zuwa. Cocinmu ɗaya, amma mun daɗe ba ma gaisawa.

Wata Lahadi ya tare ni a ƙofar coci. Ya rame. Ya jira yarana suka yi gaba, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Kalo, ke fuska kika gani. Ni na ga abin da ke riƙe da fuskar. Daga ƙirji zuwa ƙasa babu Semisi."

Na ce, "Na sani, Yaya. Amma da ka bari ya ƙarasa maganar yaran."

Na gyara 'yar tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu idan za mu coci, na bi yarana.