Muryar Baba a Gwangwanin Madara

"Ke ce mai gyaran? Ke ce Mardiyyar?"

Kafin Mardiyya ta ɗago kai an dangwarar da laftof a kan teburinta, har ƙananan sukurori suka yi tsalle suka watse a ƙasa.



Alhaja Mosunmola ce! Babbar dillaliyar attaruhu ta kasuwar Farin Gada, wadda ko masu lodin mota ba sa yarda su haɗa ido da ita. Kuma ita ce mahaifiyar Sharafaddeen, saurayin da ya shekara biyu yana neman auren Mardiyya, uwar tana cewa a dakata.

Ga shi nan tsaye a bayanta, kai a sunkuye. Gefensa kuma Damola ce, 'yar aminiyar Alhaja, wadda duk kasuwa ta san ita ake so ya aura.

"Sannu da zuwa Mama, ga kujera..."

"Ban zo zama ba! Mijina na zo karɓa!"

Laftof ɗin ta marigayi mijinta ce, tsohuwa tukuf. Kafin rasuwarsa yakan ɗauki muryarsa a ciki, addu'o'i da 'yan hirarraki. Duk Juma'a sai Alhaja ta sa an kunna mata. To kwamfutar ta yi nauyi, sai a gama shan shayi ba ta gama buɗewa ba. Shi ya sa ran Litinin Sharafaddeen ya kawo ta shagon Mardiyya, domin a cire tsohon faifan ajiya a sa sabo mai sauri, wanda ake kira SSD. Ta cire tsohon, ta rubuta masa irin sabon da zai sayo a takarda, ya tafi da kwamfutar.

"Ban yi boko ba, amma ba a raina mini hankali!" Alhaja ta buga tebur. "Wan Damola mai sayar da kayan kwamfuta ya duba da idonsa. Ya sa sabon abu, kwamfuta ta ƙi gani. Ya ce kin ƙona mata ciki! Tsohon kuma kin cire kin sayar, halinku na masu gyara!"

"Wallahi Mama ni ma sai da na yi kuka," in ji Damola, tana goge idon da ko ɗigo babu.

Masu shagunan kusa sun taru a bakin ƙofa. Ɗaliban da ke kawo mata aiki ma suna leƙe. Shekara huɗu Mardiyya ta yi tana gina sunanta a layin nan, ita kaɗai mace a cikin maza. Yau ana kiranta ɓarauniya a gabansu.

Ta dubi Sharafaddeen.

Kalma ɗaya take jira.

Ya ci gaba da kallon takalminsa...

Sai ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ɗauki sukurudireba.

"Mama, matso kusa. A gabanki zan buɗe ta."

Ta kife laftof ɗin, ta kwance murfin baya. Ta nuna wani ɗan siririn abu kamar tsinken alawa da aka maƙala a gefe.

"Wannan ba aikina ba ne. Sharafaddeen, me na rubuta maka a takarda?"

"SSD mai faɗi... irin SATA."

"Ina takardar?"

"Mama ta aike ni Bukuru da kaya, sai Damola ta ce in kawo ta kai wa yayanta. Na ba ta da kwamfutar duka."

"To ai ya shiga ramin daidai!" Damola ta yi caraf. "Da ba nata ba ne zai shiga?"

"Shiga daban, aiki daban," in ji Mardiyya ba tare da ta kalle ta ba. "Mama, wannan siririn na sababbin kwamfutoci ne. Ramin zai karɓe shi, amma tsohuwar kwamfuta ba ta jin yarensa. Ko kwana zai yi a ciki ba za ta san da shi ba. Ba abin da ya ƙone. Wanda bai san aikinsa ba ne ya rasa abin faɗa."

Wani daga ƙofa ya ce, "Gaya musu, oga madam!"

"Surutu!" Alhaja ta daka tsawa. "Ina tsohon? Ina muryar mijina?"

Mardiyya ta miƙa hannu saman kanta, ta sauko da wani babban gwangwanin madara. Tun ranar da ta buɗe shago haka take yi: duk tsohon faifan da ta cire sai ta naɗe shi a takarda, ta rubuta sunan mai shi, ta ajiye. Maza 'yan layin har dariya suke mata, wai tana tara bola.

Ta zaro guda ɗaya ta miƙa wa Sharafaddeen.

"Karanta wa Mama."

Ya karanta: "Na Baban Sharafaddeen. Akwai muryarsa. Kada a goge."

Mardiyya ta cire siririn ta ajiye a gaban Damola. Ta mayar da tsohon faifan mazauninsa, ta danna maɓalli.



Kwamfutar ta yi ta ƙugi irin nata na tsufa. Minti ɗaya... biyu... Damola ta fara murmushi.

Sai allo ya kawo haske.

Mardiyya ta latsa, wata murya mai kauri ta cika shagon:

"Mosun, kin sake barin attaruhu a rana kin tsaya faɗa da direba. Wata rana faɗan nan naki sai ya kai ki inda za ki ji kunya..."

Sai dariyarsa.

Alhaja ta lalubi kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna. Ta rufe fuska da gefen gyale, kafaɗunta na girgiza.

Da ta ɗago, idonta ja ne, amma ba Mardiyya take nema ba.

"Damola! Ina takardar yarinyar nan?"

"Mama... ta faɗi ne a cikin keke..."

"Ɗauki tsinkenku! Ki gaya wa yayanki ina nan zuwa, har shagonsa, da rana tsaka! Kun sa na zagi 'yar mutane a gaban jama'a, to a gaban jama'a zai maimaita abin da ya faɗa!"

Damola ta sulale ta bi ta cikin mutane.

Sharafaddeen ya matso. "Mardi... rabin raina, ki yi haƙuri..."

"Ana ce mini ɓarauniya kana tsaye kana kallon takalminka."

"Uwata ce, Mardi, ya zan yi?"

"Ban ce ka yi faɗa da ita ba. Gaskiya kawai za ka faɗa."

"Ta fi ka gaskiya!" in ji Alhaja. "Dogon banza! Sake rubuta masa, 'yata. Da ƙafarsa zai je ya sayo!"

'Yata...

Mardiyya ta ji kalmar har cikin ƙirjinta, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba. Ta rubuta da manyan baƙaƙe ta miƙa masa.

"Wannan karon kada ka ba kowa."

Ya dawo yana haɗa gumi, da mai faɗin a hannu. Awa guda ana kwafe komai daga tsoho zuwa sabo, Alhaja na zaune tana yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wa ya koya miki? Su wa ye iyayenki a Anguwan Rogo? Kina cin yaji?

Da aka gama, Mardiyya ta ce, "Mama, danna da kanki."

Alhaja ta danna da yatsa ɗaya, a tsorace. Kafin ta gama bisimilla kwamfuta ta buɗe.

"Kai! Alhaji bai taɓa amsa mini da sauri haka ba ko yana raye!"

Shago ya kaure da dariya.

Mardiyya ta naɗe tsohon faifan ta miƙa mata da hannu biyu. Alhaja ta tura shi baya.

"Mayar da shi gwangwaninki. A wurinki ya fi tsira." Ta miƙe ta fuskanci ƙofa, ta ɗaga murya yadda take kiran farashi a kasuwa. "Ku da kuka ji na zage ta, ku ji wannan ma! Ni Mosunmola na yi kuskure! Ran Asabar kawunnan Sharafaddeen za su kai goro Anguwan Rogo!"

Layi ya ɗauki shewa.

Sharafaddeen ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya. "Kin yafe mini, amaryata?"

Mardiyya ta rufe gwangwanin, ta nuna masa ƙasa da sukurudireba.

"Fara tsince mini sukurorina tukuna."

Ya durƙusa a gaban kowa, yana murmushi, ya fara tsinta.