Kalanzir a Tsohon Buhu

Hassada mugun ciwo ce, kuma idan ta haɗu da mai auna kaya da ido kawai, to ramin mugunta ya gina kansa.

Ranar kasuwar Ƙanƙara, da hantsi, wata mata ta shigo caji ofis tana haki. Malama Baraka ce, ma'aikaciyar wani kamfanin abinci da ya aiko ta binciken irin shinkafar da mutane suka fi so. Wanda tasa ta yi nasara shi za a ba kwangila.

"Yallaɓai, an zuba wa shinkafar gwajina kalanzir," ta ce wa Sufeto Mani.

Sufeto da kofur suka bi ta. Buhu biyu ne a shagon da ta yi ajiya. Ɗaya sabo fil mai ƙyalli, ɗaya tsoho da faci. Tsohon ne ke warin kalanzir.

"Na wa da wa ne?" in ji Sufeto.

"Sabon na Alhaji Salahuddeen ne, mai injin casa a Faskari. Tsohon na Iya Mero, shugabar mata masu gumin shinkafa a Mabai. Amma na musanya abin da ke ciki, don in ga shinkafar mutane ke so ko buhun. A gwajin da na yi a garin Sabuwa, ko ba a ɗanɗana ba, sabon buhu ake nunawa. Da aka dafa kuwa, ta Mero aka sha yabo."

"Wa ya san kin musanya?"

"Ni kaɗai."

"To ki bar shi a cikinki."

Shinkafar Alhaji ce ke nan ta lalace, kuma Mero ce mai cin riba. Aka kawo ta.

"Iya, kin zo shagon nan yau?"

"Ni? Ƙafata ba ta taka ba."

"Mai goro na ƙofa ya gan ki."

Ta sunkuyar da kai. "Na leƙa, ɗan nan. Tsoron ɗan sanda ya sa na musa. Buhuna na zo dubawa, na damƙi shinkafar na ga ba tawa ba ce, na koma ina ta zullumi. Wannan fara ce fat kamar haƙorin roba. Tawa gumi ce, ko makaho ya shinshina ya sani."

Sufeto ya dube ta. Da an riga an zuba kalanzir kafin ta zo, ai da ta ji wari. Ya sa aka tsare ta a benci, ya koma wurin mai goro.

"Bayan tsohuwar, wa ya shiga?"

"Wani alhaji mai jar dara. Ya ce zai duba kayansa, da gorar ruwa a hannu."

Aka nemo Alhaji Salahuddeen a layin 'yan hatsi. Ya shigo yana kaɗa carbi.

"An samu ɓarna a shagon gwaji, Alhaji."

"Assha! Baiwar Allah Mero. Amma dama wa zai ci abin da ke cikin wannan tsumman buhu?"

"Wa ya ce maka nata ne aka ɓata?"

Carbin ya tsaya. "A kasuwa na ji."

"Kasuwa ba ta sani ba. Ina gorar da ka shiga da ita?"

"Ta alwala ce."

Sufeto ya kwance bakin tsohon buhun, ya ɗebo da hannu ya miƙa masa. "Duba da kyau. Kai ne mai inji."

Alhaji ya kalli farin tsabar. Ya juya ta a tafinsa.

"Wannan ai tawa ce! Wallahi a buhun Mero na zuba!"

"Mun ji," in ji Sufeto. "Kofur, ankwa."

Mero ta miƙe tana gyara mayafi. "Alhaji, shekara nawa kana casa, amma ba ka buɗe ido ka dubi hatsi ba?"

Ga abin da ya rasa: shinkafarsa da ya ɓata da hannunsa, kwangilar da ta tafi Mabai, da mutuncin shekara talatin a Faskari. Aka ratsa kasuwa da shi, jar dararsa a hannun kofur.