Aikin Ruwa

Adila na tsugune a tsakar gida tana tsince shinkafa sai ga mahaifiyarta, Hajiya 'Yar'azumi, ta faɗo ko sallama babu, mayafi a hannu maimakon a ka.

"Ke! Ajiye faifan nan. Wane aiki Misbahu yake yi?"

Adila ta ajiye faifan. "Umma, ai... aikin ruwa."

"Aikin ruwan ƙaniyarki! Yanzu Yelwa uwar gulma ta tare ni a hanya, ta ce da idonta ta gan shi a kogi, ya kifa ciki a kan gora kamar kwaɗo yana jan koma! Masunci, Adila? Masunci na yi ta yawo da shi a bakina?"

Ga yadda abin ya faro. Ranar da dangin Misbahu suka zo neman aure, mahaifin Adila, Malam Inuwa, ya tambayi sana'ar yaro. Baffan yaron, Ari, ya ce, "Aikin ruwa yake yi, kamar ubansa." A bakin mutanen kogin Haɗeja wannan ba ta da fassara biyu, kamun kifi ake nufi. Amma Hajiya, da ke laɓe a bayan ƙofar zaure, ta daɗe tana roƙon Allah suruki mai albashi, kunnenta kuwa abin da take so shi ya jiyo mata: ma'aikacin hukumar ruwa, irin masu zuwa a mota suna duba magudanai. Kafin mako ya zagayo babu gidan biki ko na suna da bai ji ba.

Adila ta san gaskiya tun ranar farko. Ta ji uwar tana faɗa, ta yi shiru. Ta sake ji, ta sake yin shiru. A ranta ma har daɗi take ji in ƙawayenta sun ce mata matar oga.

"Umma, sori, wallahi na so in gaya miki..."

"Riƙe sorinki! Ko dai ya bar kogin nan ya zauna a shagon wayoyin ƙanena, ko kuwa a mayar musu da kayansu. Ba zan kai 'yata inda za ta riƙa ƙarni ba. Kuma daga yau an daina sa kifi a tukunyar gidan nan!"

Da la'asar Misbahu ya zo zance, farar shadda fes, turare na tashi, yadda ya saba. Adila ta zayyana masa komai, ta kawo maganar shago.

"Filis, Misbahu. Ko na ɗan lokaci ne, a ɗaura auren kawai. Bayan nan sai ka koma."

Misbahu ya girgiza kai.

"Na taɓa zaman shago, Adila. Yini guda ina gadin kayan wani, ina washe baki ga wanda ba saya zai yi ba. Ciwon baya na samu da ciwon rai. Amma in na hau gora da sanyin safiya, ruwa ya ɗauke ni, babu mai ce min oga na kira. Na san inda tarwaɗa ke kwana, na san ranar da karfasa za ta hau fadama. Da aikin nan na gina ɗakin da za ki shiga. Ni ban taɓa ɓoye shi ba."

"Ai ni ma ban ce ƙarya ba..."

"To tsaya. Tunda muke da ke, kin taɓa faɗin sunan sana'ata da bakinki? Ko sau ɗaya?"

Hawaye suka zubo mata, don ba ta taɓa faɗa ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"No wahala. Ki huta lafiya."

Bai sake zuwa ba.

Ta kai kukanta wurin mahaifinta, tana zaton can za ta sami sauƙi. Malam Inuwa ya saurare ta har ta gama jan majina.

"Ni tun ranar na gane masunci ne, kuma na yarda. Amma yanzu na dakatar da maganar, ba kuma don uwarki ba, don ke. Wadda ke jin kunyar abin da zai ciyar da ita, gobe mai ciyarwar za ta raina. Ba zan cuci ɗan mutane ba."

"Baba, wallahi ina sonsa!"

"Shaddarsa kike so. Tashi ki ba ni wuri."

Haka damina ta wuce. Kogi ya cika ya malala fadama, kifi ya yi araha a gari har talaka na zaɓe, amma gidan Malam Inuwa miyar kuka ake sha tsura. Shi maigidan kuwa in ya fita sallar azahar yakan dawo yana sakace, leɓe na ƙyalli. Adila ta rame. Ta kira wayar Misbahu, ya ɗauka ya gaishe ta da mutunci kamar wata gwaggonsa, ya kashe. Wannan ya fi mata zagi zafi. A zaman nan ne ta gane ba shaddar take kewa ba. Hannunsa take tunawa, wanda igiyar koma ta yi wa kanta, da yadda idonsa ke haske in yana labarin ruwa.

Ranar sunan jaririn Ummussalma maƙwabciyarsu, tsakar gida ta cika da mata. Adila na raba tuwo sai Yelwa ta ɗaga murya, tana ƙyafta wa na kusa da ita ido.

"A'a, amaryarmu! Ina ma'aikacin namu na ruwa? An ƙara masa girma kuwa?"

Aka fara ƙunshe dariya. Hajiya ta yi caraf ta ce, "Ai shago zai koma, ana nan ana..."

"A'a, Umma."

Adila ta ajiye kwanon. Muryarta ta fita har zaure.

"Masunci ne. Gora yake hawa, koma yake ja, ubansa ma haka, kakansa ma haka. Ba zai koma shagon kowa ba. Ni na sani tun farko na yi shiru, laifina ne ba na Umma ba. Kuma in Allah ya yi, shi zan aura, in yi ƙarnin!"

Gida ya ɗauki shewa. Wasu suka yi dariya har da hawaye, Hajiya ta ja mayafi ta fice. Ana cikin haka uwar Ummussalma ta leƙo daga ɗaki.

"To 'yar nan, tunda naku ne, ki ce ya ajiye min kifi, ragon ruwa babba, mai jego za a yi wa farfesu. Na kasuwa duk sun kwana."

Kafin a watse, mata uku sun ba da nasu saƙon, har da Yelwa.

Hajiya ta daina yi wa Adila magana. Gaisuwa ma da ka take amsawa. Adila ba ta yi fushi ba: ta yi shara, ta yi girki, ta matsa mata ƙafa ko an janye. Labarin kuwa ya riga ya kai bakin kogi tun ranar, Misbahu ya dawo zaure, Malam Inuwa ya ce a ba shi tabarma. Sai dai shi da Misbahun duk sun ce ba za a sa rana ba sai uwa ta saki ranta.

Abin da Hajiya ta lura da shi shi ne gulmar ta mutu. Wa za a tsokana da maganar da mai ita ta faɗa da bakinta a gaban jama'a? Wata safiya tana zaune ta kalli tukunyar da Adila ke kaɗawa, ta ja tsaki.

"Wannan miyar sai ka ce ruwan wanki. A sa mata kifi."

"To Umma, bari in aika kasuwa."

"Kasuwar me? Muna da shi a gida za mu saya? Ki gaya wa wancan mai goran, tarwaɗa nake so, mai rai!"

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Yanzu in aka tambayi Hajiya aikin surukinta, cewa take, "Aikin ruwa, na cikin ruwan, ba na kan kujera ba."

Ku 'yan matan yanzu, ku ji da kyau. Duk sana'ar da babu haram a cikinta ba ta da ƙarni, ƙarnin yana bakin mai ɓoye ta. In ba za ki iya faɗin aikin saurayinki da ƙarfi a gidan suna ba, ki sakar wa mutane ɗansu tun da wuri. In kuwa kin faɗa, ki yi haƙuri da iyayenki har su sauko, don saukowar za su yi.